Takardu Biyar Na Lusi Mai Ba Da Dariya

A ƙasar Amurka an yi wata mace mai wasan kwaikwayo, sunanta Lucille Ball, amma duniya ta fi saninta da Lusi. An haife ta ran 6 ga Agusta, 1911, ta rasu ran 26 ga Afrilu, 1989, tana da shekara 77. Ta fito cikin finafinan silima fiye da 60, sa'an nan ta koma talabijin, ta yi shekara 18 tana ba mutane dariya mako-mako, har ya zamana da wuya a sami gida mai akwatin talabijin a ƙasar nan tasu wanda bai san fuskarta ba.

Masu ba da labarinta su kan fara da jan gashinta, da zare idonta, da yadda ta ke wage baki tana kukan ƙarya. Ni kuwa aikin akawu na sani, shi kuma akawu in an ba shi labarin mutum, abin da ya kan fara tambaya shi ne ina fayil. Da na bi labarin matar nan da wannan idon, sai na iske takardu biyar ne suka juya zamanta na duniya. Ɗaya an rubuta ta a kanta ba da shawararta ba, huɗu kuwa da hannunta a jiki. Su na ke so in shimfiɗa maka, ya kai mai karatu, ka duba da kanka.

Takarda ta fari wasiƙa ce. Garin su Lusi shi ne Jamestown, cikin jihar Niyok. Ubanta, Henry Ball, ma'aikacin kamfanin tarho ne, mai hawa sanda yana jan waya. Zazzaɓin taifot ya kashe shi cikin Fabrairu, 1915, ya bar Lusi da shekara 3, uwarta kuma da cikin ƙanenta. Suka koma hannun kakanta na wajen uwa, Fred Hunt, a wani ɗan ƙauye kusa da Jamestown mai suna Celoron. Tsohon nan shi ya riƙa kai ta gidan wasa tana kallon masu raha da masu rawa, har abin ya shiga ranta. A 1926 uwarta ta kuɓutar da ɗan abin da ta ke da shi, ta sa ta makarantar koyon wasa ta John Murray Anderson a birnin Niyok.

Yarinya 'yar ƙauye, mai shekara 15, ta iske kanta cikin 'yan birni. Tauraruwar makarantar a lokacin ita ce Bette Davis, wadda daga baya ta zama ɗaya daga cikin manyan matan silima. Ita Lusi kuwa in an ce ta tashi ta yi magana sai harshe ya sarƙe, kunya ta rufe ta. Ba a daɗe ba malamai suka rubuta wa uwarta wasiƙa, suka ce yarinyar nan ba ta da baiwar wasa, ɓata lokaci kawai a ke yi. Ta tattara kayanta ta koma gida.

Ban ga laifin malaman nan ba, gama abin da suka gani suka rubuta. Amma kowace takarda a kan sa mata kwanan wata a bisa, kuma akwai dalili. Wasiƙar ta faɗi yadda Lusi ta ke a watannin da ta zauna da su, ba ta da ikon faɗin yadda za ta zama bayan shekara 25. Mutane da yawa an taɓa yanke musu irin wannan hukunci tun suna ƙanana, ko da baki ko a rubuce, suka riƙe shi har tsufa kamar hatimin alƙali, alhali kuwa rahoton rana ɗaya ne.

Wahala ba ta tsaya nan ba. A 1927 kakan nata yana lura da yara suna koyon harbi a bayan gida, sai harsashi ya sami wani yaron maƙwabta, ya shanye masa ƙafafu. Aka kai ƙara kotu, aka ci tsoho tara, gida da kayan ɗaki duka suka tafi wajen biya. Lusi ta sake komawa Niyok neman abinci. Ta shiga cikin 'yan matan rawa na gidajen wasa, a ɗauke ta yau, a sallame ta kafin a fara nuna wasan. Daga bisani ta sami aiki a kantin wata mai ɗinkin kayan mata, Hattie Carnegie, tana sa tufafi tana kai da kawowa gaban masu saye. Nan ma ciwon gaɓoɓi ya kama ta, ya kwantar da ita wajen shekara 2. Da ta warke ta koma, har hotonta ya fito a allunan tallar taba sigari.

A 1933 wani mai shirya fim, Samuel Goldwyn, yana neman 'yan mata na cika fage domin fim ɗinsa Roman Scandals. Wata ta fasa, aka sa Lusi a gurbinta, ta shiga jirgin ƙasa sai Holiwud, watau unguwar nan ta birnin Los Angeles, a jihar Kalifoniya, inda a ke yin finafinan Amurka. Da niyyar makonni kaɗan ta tafi, ashe zama ya kai ta.

Shekara 18 ta yi tana koyon sana'a kafin sunanta ya cika ƙasa, kuma ga yadda ta yi su. Duk rawar da 'yan mata masu ji da kyau su ke gudu, kamar a watsa wa mutum taɓo a fuska ko a tura shi cikin ruwa, ita sai ta ce a ba ta. A 1935 ta shiga kamfanin RKO, inda Lela Rogers, uwar shahararriyar mai rawa Ginger Rogers, ta ke koya wa sababbi wasa, Lusi ta lizimci ajin nan. Ta fito tare da Katharine Hepburn cikin Stage Door a 1937, da Henry Fonda cikin The Big Street a 1942. Amma yawancin finafinanta na araha ne. A zamanin nan gidan silima ya kan nuna fim biyu a dare ɗaya, babba mai tsada, da ƙarami na rakiya. Lusi ta yi na rakiya har aka yi mata laƙabi da sarauniyarsu, sarautar da ba mai ƙyashinta.

Da ta koma kamfanin MGM aka rina mata gashi ja domin fim mai launi, Du Barry Was a Lady, na 1943. Can ta gamu da Buster Keaton, gwanin ban dariya na zamanin finafinai marasa magana, wanda a lokacin tauraronsa ya dushe, yana zaune a wani ɗan ofis yana ƙaga wa wasu dabarun raha. Ta riƙa zuwa wurinsa yana nuna mata yadda a ke sarrafa kayan wasa, ko tsani, ko kujera, ko akwati, har hannu ya san nauyin abu kafin ranar ɗauka. A 1948 kuma ta fara wasan rediyo a gidan CBS, mai suna My Favorite Husband. Gaban 'yan kallo a ke yinsa, nan ta gane cewa in tana jin dariyar mutane jikinta ya kan saki, fuskarta ta yi abin da ba ta yi gaban kyamara kaɗai. Lokacin nan ta doshi shekara 40, shekarun da Holiwud ta kan fara juya wa mace baya.

Kafin mu zo ga takarda ta biyu, sai ka san mijinta. Desi Arnaz mutumin Kyuba ne, an haife shi a 1917, ɗan magajin garin Santiago. Juyin mulkin 1933 ya kore su daga ƙasarsu, suka sauka Miami hannu wofi, ya tashi ya zama makaɗi mai ƙungiya tasa. Sun gamu wajen yin fim ɗin Too Many Girls, suka yi aure ran 30 ga Nuwamba, 1940. Aure ne na nesa: ita tana Holiwud tun da asuba, shi yana yawon gari-gari da makaɗansa, ga kuma aikin soja da ya yi lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. A 1944 har ta kai ƙara a raba su, suka shirya.

To, da CBS suka nemi a mai da wasan rediyon nan na talabijin, sai Lusi ta ce ta yarda, amma da sharaɗi: mijinta na gaskiya shi zai fito mijinta cikin wasan. Nufinta ta zaunar da shi gida. Manyan CBS suka ce mutanen Amurka ba za su karɓi baƙo mai karyayyen Turanci a matsayin mijin 'yar ƙasa ba. Miji da mata ba su tsaya gardama ba. A 1950 suka kafa kamfaninsu, suka haɗa sunayensu suka kira shi Desilu, suka shirya ɗan wasa suka zaga gidajen wasa na birane da shi. Jama'a suka yi ta dariya, CBS suka sakko.

Sai wata matsala ta taso. A lokacin, yawancin wasannin talabijin daga Niyok a ke watsa su kai tsaye, ana yi ana gani. Garuruwan nesa kuwa sai a kafa kyamara gaban gilashin talabijin a ɗauki hoton abin da ya ke nunawa, a aika musu, hoto dishi-dishi. Kamfanin taba na Philip Morris, mai biyan kuɗin wasan domin a yi masa talla, ya ce masu sayen tabarsa sun fi yawa a gabas, ba zai yarda a ba su dishi-dishi ba, sai Lusi ta taso Niyok. Ita kuwa ga ta da ciki, bayan shekara 10 tana jira da ɓari a tsakani, ta ce ba inda za ta. Desi ya kawo shawara a ɗauki wasan a fim sosai, irin na silima, a can Kalifoniya, kowa ya sami hoto garau. Aka ce wannan ya fi tsada. Ya ce to, a rage musu dala 1,000 kowane mako daga albashinsu na dala 5,000, amma a rubuta cikin yarjejeniya cewa finafinan, in an gama nuna su, mallakar Desilu ne. CBS suka sa hannu da murna, suna ganin sun ci riba, domin a zatonsu wasan da aka riga aka gani ya zama toka.

Wannan ita ce takarda ta biyu, kuma a ganina ita ce uwar sauran. Dabarar ta Desi ce, kada a rage masa. Amma kuɗin da aka yanke na su biyu ne, kuma fuskar Lusi ce jarin. Wanda ya ke karanta yarjejeniya, idonsa ya kan fara faɗawa kan adadin kuɗi, domin shi a ke rubutawa da lamba. Layin da ya ce wane ne mai abu bayan an gama aiki, shi ya kan ɓuya can ƙasa cikin dogon zance. Su biyun nan suka bar kuɗin hannu, suka riƙe layin ƙasa.

Aka ɗauko Karl Freund, tsohon gwanin kyamara da ya yi suna tun a Jamus, ya tsara fitilu yadda kyamara 3 za su yi aiki a lokaci guda, ga 'yan kallo wajen 300 zaune suna gani. Ran 17 ga Yuli, 1951, Lusi ta haifi 'yarta ta fari. Ran 15 ga Oktoba aka fara nuna I Love Lucy, watau "Ina Son Lusi". Tana da shekara 40 da wata 2.

Labarin wasan ba wuya: matar wani makaɗi ce, kullum tana ƙulla dabarar da za ta shiga sana'ar wasa ko ta sami kuɗi, ita da maƙwabciyarta, kullum dabara tana warwarewa a kansu. Ga misali guda, na 1952. Matan biyu sun sami aiki a masana'antar alewa, an zaunar da su gaban wani dogon bel mai tafiya da inji, aikinsu su naɗe kowace alewa a takarda. Shugabar aiki ta ce in ɗaya ta wuce ba naɗi, a bakin aikinsu. Bel ya fara a hankali, sa'an nan ya ƙara gudu. Da abin ya fi ƙarfinsu sai suka shiga cusa alewa a baki, da cikin hula, da cikin riga. Shugaba ta dawo ta ga bel fes, ta yaba musu, ta ɗaga murya ta ce a ƙara wa inji gudu.

Mai kallo ya kan zaci haukan nan a take ya ke zuwa mata. Ko kusa. Marubuta uku ne a farko, Jess Oppenheimer da Madelyn Pugh da Bob Carroll, su kan rubuta kowane motsi dalla-dalla, inda za ta duba, da hannun da za ta ɗaga. Lusi ta ɗauki rubutun ta yi ta bita, ta maimaita abu ɗaya har abokan aiki su gaji, ita ba ta gaji ba. Da bakinta ta sha faɗi cewa ita ba mai raha ba ce a zaman gida, marubutanta ne masu raha, nata aiwatarwa. Kowa ya ci zomo ya ci gudu.

Da ta sake samun ciki a 1952 aka sa cikin a wasan, abin da ba a saba ba, har aka riƙa kiran malaman addini uku suna duba rubutun kada a yi abin kunya. Ran 19 ga Janairu, 1953, ta haifi ɗa namiji da safe, da dare kuma aka nuna kashin wasan da Lusi ta talabijin ta haihu. An ƙiyasta mutum miliyan 44 suka kalla. Kashegari aka rantsar da Shugaba Eisenhower, masu kallonsa miliyan 29. Lokacin da ta ke hutun jego kuwa sai aka maimaita tsofaffin kashi, aka ga mutane sun zauna sun sake kallo kamar ba su taɓa gani ba. Ran nan CBS suka gane abin da suka sa wa hannu.

Ana cikin wannan daɗi takarda ta uku ta fito, tsohuwa ce mai shekara 17. A 1936 Lusi ta je rajistar zaɓe a Los Angeles. A can a kan tambayi mutum jam'iyyar da ya ke bi, a rubuta a kati. Kakanta Fred Hunt mutum ne mai zafin ra'ayi a kan haƙƙin ma'aikata, ya matsa wa iyalinsa, ita da uwarta da ƙanenta suka rubuta jam'iyyar Kwaminis, ta sa hannu, ta koma bakin aikinta ta manta. A shekarar nan doka ba ta hana ba. Amma zuwa 1953 zamani ya juya: Amurka da Rasha suna zaman doya da manja, an gama yaƙin Koriya ke nan, wani kwamiti na Majalisar Wakilai yana farautar 'yan Kwaminis cikin masu fim. Wanda sunansa ya shiga baƙin littafi ba mai sake ba shi aiki. Wani ɗan wasan talabijin, Philip Loeb, haka aka raba shi da aikinsa, ya rasa mafita, ya kashe kansa a 1955.

Ran 4 ga Satumba, 1953, Lusi ta zauna gaban mai binciken kwamitin, ta yi rantsuwa, ta ce don ta faranta wa tsoho rai ta yi, ba ta taɓa zama 'yar jam'iyyar ba. Bayan 'yan kwanaki jaridu suka buga hoton katin, ga sa hannunta ɓaro-ɓaro. Mako guda aikinta da kamfaninta da abincin ma'aikatansu suna rawa a bakin rami. Daren da za a ɗauki wasa Desi ya fito gaban 'yan kallo ya kare matarsa. Da ya ke ja shi ne launin 'yan Kwaminis, ya ce ba abin da ke ja a jikin Lusi sai gashinta, shi ma rini ne. Jama'a suka tashi tsaye suna tafi. Ran nan kuma wani ɗan kwamitin, Donald Jackson, ya tara 'yan jarida ya ce ba su same ta da kome ba. Kamfanin taba bai janye ba, ƙura ta lafa.

Na gaskata abin da ta faɗa. Amma ka lura, gaskiyarta kaɗai ba ita ta fisshe ta ba, gama akwai masu gaskiya irin tata da suka halaka. Farin jini ya taimake ta, da yawan kuɗin da manya za su yi hasara in ta faɗi. Kakan da ta sa hannu dominsa ya riga ya mutu, ba ya nan balle ya yi mata shaida. An ce magana zarar bunu ce. To, ita magana ma a kan yi gardamar an faɗe ta ko ba a faɗa ba, sa hannu kuwa yana nan kwance cikin kabad, yana jiran ranar da wani zai buƙace shi. Mutum ya kan sa hannu don kunyar babba, ko don kada a ce ya cika tambaya, takarda kuwa ba ta da gurbin da a ke rubuta dalili.

I Love Lucy ya yi shekara 6, kashi 180, cikin shekarun nan sau 4 yana zama na ɗaya a ƙasa duka. Finafinan da CBS suka bari a kan dala 1,000 a mako, su suka dawo suka saya a kan fiye da dala miliyan 4. A ƙarshen 1957 Desilu ya sayi gidajen ɗaukar fim na RKO a kan wajen dala miliyan 6. Wurin da Lusi ta shiga tana 'yar cika fage, ta dawo ita ce mai shi. Duniya rawar 'yan mata, na gaba ya koma baya.

Takarda ta huɗu ita ce mai ɗaci. An ƙulla wasan nan ne domin a tsare aure, arzikin da wasan ya kawo kuwa ya taimaka wajen rushe shi. Desi ya zama shugaban babban kamfani, yana aiki dare da rana, ya ƙara dulmuya cikin giya da caca da neman mata. Gida ya zama fagen faɗa, a wurin aiki kuma su rungumi juna gaban kyamara. Ran 2 ga Maris, 1960, suka ɗauki wasansu na ƙarshe tare. Kashegari ta kai takardar neman saki kotu, cikin Mayu aka raba su, bayan kusan shekara 20. Wannan ya nuna mini iyakar takarda. Yarjejeniya ta iya tsare musu finafinai, ta iya sa miji ya kwana gari ɗaya da matarsa, amma halin mutum ba ya shiga cikin sharaɗi. A 1961 ta auri wani mai raha, Gary Morton, suka zauna har mutuwarta.

Takarda ta biyar ta zo a 1962, sa'ad da ta sayi hannun jarin Desi, ta zama shugabar Desilu, mace ta fari da ta riƙe babban kamfanin shirya wasannin talabijin a Amurka. Ba ta so kujerar nan ba, ta sha faɗi cewa kasuwanci fagen Desi ne. Amma ga ma'aikata, ga bashi, ga masu jari suna jira. Tana da shekara 51 ta zauna koyon karanta lissafin kamfani da zaman taron daraktoci, da rana kuma tana gwajin sabon wasanta, The Lucy Show. Gemu ba ya hana ilmi, in ji masu magana, ashe furfurar mace ma haka.

Gwajinta mafi girma ya zo a 1966. Kamfanin ya shirya sababbin wasanni biyu masu cin kuɗi, Star Trek, labarin masu tafiya cikin taurari, da Mission: Impossible, labarin 'yan leƙen asiri. Tsofaffin daraktoci suka duba lissafi suka ce a bar su, za su karya kamfani. Lissafinsu daidai ne, gama kuɗin da gidajen talabijin za su biya bai kai abin da za a kashe ba. Ita ce mai magana ta ƙarshe, ta ce a yi. Ta riga ta ga yadda wasan da aka ajiye a fim ya ke haihuwa bayan shekaru. A 1967 ta sayar da Desilu ga kamfanin Gulf and Western, masu Paramount, a kan dala miliyan 17, ta koma wasanta kaɗai. An tsai da Star Trek a 1969 bayan kashi 79, sa'an nan maimaici ya raya shi, ya haifi finafinai da wasanni masu yawa. Ribar nan ba aljihunta ta shiga ba, wasu suka girbe abin da ta shuka.

Ta ci gaba da Here's Lucy daga 1968 zuwa 1974, tare da 'ya'yanta biyu. Ƙarshenta bai zo da sauƙi ba. Fim ɗinta Mame na 1974 ya sha suka. A 1986, tana da shekara 75, ta sake gwada wasan mako-mako, Life with Lucy, aka tsai da shi bayan kashi 8, domin mutane ba su so su ga tsohuwa tana hawa tsani tana faɗuwa, tsoro su ke ji maimakon dariya. Abin ya yi mata zafi ƙwarai. Shekara 60 bayan wasiƙar makaranta, an sake ce mata ta koma gida, wannan karon kuwa ba sauran lokacin da za ta ƙaryata su.

Akwai wata 'yar guntuwar takarda da ban sa cikin lissafi ba. Desi ya rasu ran 2 ga Disamba, 1986, da ciwon dajin huhu. Bayan kwana 5 aka karrama Lusi a babban bikin Kennedy Center a Washinton, gaban Shugaba Reagan. Ashe kafin ya cika ya rubuta saƙo, aka ba ɗan wasa Robert Stack ya karanta a bainar jama'a. Cikinsa ya ce in za a raba yabon wasansu, a ba Lusi kashi 90 cikin 100, sauran su raba 10. Ya ƙare da cewa sunan nan na wasan, "Ina Son Lusi", a wurinsa bai taɓa zama suna kawai ba. Tana zaune a bisa bene, ta rufe fuska da hannu.

Bayan shekara 2 da 'yan watanni ita ma ta bi shi. A 2002 'ya'yanta suka mai da tokarta Jamestown, garin da aka aika wa uwarta wasiƙar nan, aka binne ta kusa da danginta.